Tukunyar da Tiyay Petring Ta Ɗora a Tsakar Gidanmu

A danginmu idan aka ce "marar kunyar nan", ba sai an kama suna ba. Kowa ya san Tiyay Petring ake nufi, yayar mahaifiyata, tela mai keken ɗinki a bakin taga, a ƙauyenmu na gaɓar teku da ke kudancin Iloilo. Ita ma ta san ana faɗa. Takan ce, "Kunya ce ta taɓa kwantar da ni a gadon asibiti. Tun daga nan muka raba gari."

Sunanta na baftisma Perpetua. Ta auri Tiyoy Badong, kuku a jirgin dakon kaya, tana da ƙuruciya. Kamar yawancin mazan ƙauyen, shi ma baƙo ne a gidansa. Yakan shafe kusan shekara a teku, ya dawo da kwali cike da cakulan da turare da takalman yara, kafin ka saba da muryarsa ya sake tafiya. A ƙasan irin wannan kwali, naɗe cikin tawul, wani lokaci akwai abin da ba a buɗewa a gaban jama'a, wato abin roba mai siffar gaban namiji, wanda mace ke biyan buƙatarta da shi idan kaɗaici ya yi yawa. Matanmu suna kiransa abokin jira. Gidaje da yawa akwai shi, amma ka tambaya, babu wadda ta taɓa ko jin labarinsa.

Tiyay ta ɓoye nata yadda kowa ke ɓoyewa. Takan ɗauraye shi da sauri, ta cusa a leda da danshinsa, ta rufe cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado. A ƙasar da burodi ke yin fumfuna tun kafin a cinye shi! Ƙaiƙayi ya fara, ta dafa ganyen gwaiba ta zauna a ciki. Fitsari ya koma kamar barkono, ta daure. Sai da zazzaɓi ya kayar da ita, bayanta ya riƙe, aka ɗauke ta zuwa birni aka ce ciwon ya haura ƙoda. Can wata dattijuwar nas ta ja labule, ta tambaye ta abin da ba wanda ya taɓa tambayarta, ba dariya ba wa'azi, sannan ta koya mata yadda ake yi.

Da ta dawo gida sai ta je gidan burodi ta karɓo tsofaffin buhunan fulawa, ta wanke su har suka yi laushi, rubutun jikinsu ya koɗe. Ta yanka, ta ɗinka 'yan jakunkuna masu zariya. Macen da duk ta kawo gyaran siket, in mijinta yana teku, ba ta fita sai da jaka a ƙasan ledarta da huɗuba a kunnenta.

"Kafin ki taɓa shi da bayan kin gama, Inday, ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi," haka take faɗa, ƙafarta tana kan keke, domin Inday muke kiran duk macen da muka girma. "Ba garin sabulun wanki ba, ba bilic ba, jikinki ba zanin gado ba ne. Mai batir, ki cire batirin ki goge shi da tsumma mai tsabta, kada ki tsoma shi a ruwa. Wanda babu inji a cikinsa, in na silikon ne, ki tafasa shi a tukunyarsa shi kaɗai. Ki bar shi ya bushe ƙarau, sannan jaka. Kuma ba a aro. Buroshin haƙori ma ba a aro."

Wasu su tsuke fuska su ce, "Ni Tiyay, me zan yi da wannan?" Sai ta ce, "Zuba carbinki a ciki." Ban taɓa jin wadda ta dawo da jakar ba.

Tiyoy Badong ya rasu, Tiyay ta ci gaba da ɗinki. Ita ce ma ke ɗinka wa mutum-mutumin waliyyin cocinmu sabuwar riga duk shekara, har zuwa daminar da zan ba da labarinta.

Yayana Ruel ma ɗan teku ne. Matarsa, Manang Merlita, wato Yaya Merlita, 'yar kan tudu ce daga wani gari mai nisa, mace mai sanyin hali, ko tari za ta yi sai ta nemi afuwa. A gidanmu take zaune, a ɗakin da labule ne ƙofarsa. Nanay Consing, mahaifiyarmu, takan shiga ta fita yadda take so, yau neman almakashi, gobe duba ko rufi yana yoyo.

A waccan daminar Manang Merlita ta fara zarya asibitin unguwa. Ta sha magani ta samu sauƙi, kafin wata ya zagayo ciwon ya dawo. Nanay ta ga ƙwayoyin, ta tambayi wata ƙawarta na mene ne, aka ce mata na ciwon sanyi ne. Shi ke nan. Mace mijinta yana tsakiyar teku, ina ta samo ciwon sanyi? Nanay ta fara lura da wane mai babur ne ke ɗaukar surukarta zuwa kasuwa, da yadda yake rage mata gudu a kan ramuka. Ta ware mata kofi. Ta daina amsa gaisuwarta da baki, sai da ka.

Ranar wata Juma'a muna gyaran kifi ta ce mini, "Lahadi idan Ruel ya kira zan gaya masa. Ba zan bar ɗana yana wanke bene a jirgin mutane, wata tana mayar da shi abin dariya ba."

Na ce, "Nanay, kin ga wani abu da idonki?"

"Na ga magani. Magani ba ya ƙarya."

Na san yayana. Zuciya gare shi, kuma maganar Nanay a wurinsa yankan wuƙa ce. Idan ta faɗa, auren ya mutu tun kafin jirginsa ya taɓa gaɓa, Manang Merlita kuma ta koma garinsu da sunan da ba ya wankuwa. Na wanke hannuna na tafi gidan Tiyay, na kwashe komai na gaya mata.

Ko ɗagowa ba ta yi daga ɗinkin ba. Ta ce, "Turo mini ita. Ki ce rigarta ta coci tana son gyara."

Manang Merlita ta roƙe ni in zauna. Tiyay ta auna kafaɗarta, ta auna ƙugunta, tsinke a baki, sannan ta ce, "A ina kike ɓoye shi?"

"Me, Tiyay?"

"Inday, na girmi uwarki. A ina?"

Manang Merlita ta rufe fuska da tafin hannu. Da ƙyar muka ji ta. A cikin takalmin ruwan Ruel, dogon nan na roba da ke bayan banɗaki, domin nan kaɗai ne Nanay ba ta sa hannu. Ruel ɗin ne ya kawo mata, ya saya a wata tashar jirgi. Takan wanke shi da sabulun wanki cikin gaggawa saboda ana buga mata ƙofa, ta ƙulle a leda, ta tura can ƙasan takalmin.

"Takalmin ruwa!" Tiyay ta cire tsinken daga bakinta. "A damina! Ai gara ki ba kwaɗi ajiya. Yana danƙo idan kin taɓa?"

"Yana yi."

"To ya mutu, sai binnewa. Irin robar nan mai laushi ce mai arha, tana shan datti kamar soso, ko kin kwana kina wankewa ba ya fita. In dole sai da irinsa, a sa masa kwaroron roba. Wannan kuwa bola. Ki koma wurin nas ki gaya mata gaskiya duka, ki shanye maganinki har ƙarshe. Sannan ki gaya wa surukarki."

"Gara ta ce ina bin maza." Hawaye ya zubo mata. "Ta ina zan fara, Tiyay? Da wane baki?"

Tiyay ta dube ni ta ce, "Kin ji ko? Ta gwammace a kashe mata aure da ta ambaci guntun roba. To, bakin da ba ki da shi ni ina da shi."

Asabar da safe, lokacin da duk layinmu ke wanki, sai ga Tiyay ta shigo tsakar gidanmu da wata ƙaramar tukunya shuɗiya. Ba ta gaisa da kowa ba. Ta wuce murhun waje inda Nanay ke dafa wa aladu abinci, ta sauke tukunyar aladun, ta ɗora tata, ta zuba ruwa. Da ya tafasa ta buɗe jakar buhun fulawa, ta zaro nata, ja kamar nunannen tumatir, ta jefa ciki. Ta ja kujera ta zauna tana fifita.

Nanay ta leƙa tukunyar. Bokitin hannunta ya faɗi.

"Yesu, Maryamu, Yusufu! Manang Petring, kin haukace? A gidana? A murhuna?"

"Gas ɗina ya ƙare, Consing."

"Sauke shi! Mutane suna kallo!"

Suna kallo kuwa. Kawuna sun jeru a kan shingen gora, hannuwa duk kumfa.

"Su kalla. Rabinsu ni na ɗinka musu jaka." Kawuna biyu suka nutse. "Bai tafasu ba tukuna. Ki bari in gama, ko so kike in koma asibiti? Kin tuna shekarar da kika kwana a ƙasan gadona kina addu'a, kina cewa an yi mini jifa? Babu mai jifa. Wannan ne, ko in ce yayansa. Na ɓoye shi da danshi saboda tsoron bakin irinku. A lokacin kin ce ina bin maza?"

Nanay ta ɗaga haɓa. "Ni na jira mijina har Allah ya ɗauke shi, ba ni da komai sai carbina."

"Madalla. Kin yi abin da kika iya, ban taɓa raina miki ba. Amma ba ke ce ma'aunin matan duniya ba, Consing. Wata jiranta da carbi, wata da kuka, wata da wannan. Ba wadda ta ci amanar kowa."

"Me ya haɗa wannan ƙazanta da gidana?"

Tiyay ta ci gaba da fifita, ko kallon inda Manang Merlita take ba ta yi ba. Na gane daga baya cewa da gangan ne. Ta fasa nata sirrin har ƙasa, amma na wata ba za ta taɓa shi ba.

Manang Merlita ta miƙe daga bakin bahon wanki. Ta zagaya bayan banɗaki, ta dawo rungume da takalmin Ruel ƙafa ɗaya, ta ajiye a gaban Nanay. Har bakin shinge an ji muryarta.

"Nanay, ga kwarton nawa. Ɗanki ne ya kawo shi da hannunsa. Idan ya kira gobe ki tambaye shi. Ban taɓa sanin wani namiji ba sai shi. Abin da ban samu ba a gidan nan shi ne wurin da zan shanya abu ya bushe."

Nanay ba ta leƙa takalmin ba. Ta tsaya tana kallon labulen ɗakin can, kamar yau ta fara ganinsa. Ta ɗauki bokitinta ta shige ciki.

Tiyay ta tsame nata da cokali, ta shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan benci ta ɗora, ta zauna gadinsa har ya bushe. Sannan ta mayar da tukunyar aladu kan wuta ta tafi.

Lahadi Ruel ya kira. Muna zaune duka, Manang Merlita hannunta a cikin nawa. Nanay ta riƙe wayar nesa da fuska yadda ta saba. Ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi sanyi. Sai ta ce, "Toto, ɗana, gobe zan kira kafinta ya sa wa ɗakinku ƙofa da sakata. Da ɗan katakon shanya a jikin taga."

"To, Nanay. Lafiya dai?"

"Lafiya. Kuma in za ka saya wa matarka abu, ka daina sayen mai arha. Rowar ubanka ka gado." Ta miƙa wa surukarta wayar, ta fita duba aladu.

Haƙuri dai Nanay ba ta taɓa bayarwa da baki ba. Kofin da ta ware ne ya koma cikin 'yan'uwansa. Da Tiyay kuwa sai da suka yi gaba har bikin waliyyi, kuma a shekarar matan coci suka kai ɗinkin rigarsa wurin wata tela a gari. Rigar ta zo hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tiyay ta zauna a sahun gaba, ta yi waƙa da ƙarfi fiye da kowa.

Yanzu idonta ya yi rauni, ni nake zura mata zare a allura. Jakunkunan kuwa ta daina sa su a ƙasan leda. A igiyar shanya ta gaban gida take jera su, farare tas, suna kaɗawa a iskar teku. Makon jiya wata amarya ta zo wucewa, ta rage tafiya, ta ƙara sauri. Tiyay ta leƙo ta taga.

"Inday! Dawo ki ɗauka. Ki zaɓi mai doguwar zariya."