Ranar da Aka Hana Yara Taɓa Jirgi

Waɗanda ke wurin ran nan ban manta ko ɗaya ba: hedimasta cikin babbar rigarsa, malamai mata, tsohon saje mai koya wa yara fareti, baƙi biyu injiniyoyi daga Kaduna, mace da namiji, 'yan aji huɗu har da jikana, sai ni a gindin darbejiya da kaskon ƙosaina, a bakin firamaren Rikoto.

Uban jikan nan nawa soja ne. An kai su wata ƙasa, akwatinsa kawai aka dawo mini da shi. Na rantse wannan ba zai sa kaki ba, amma a Zuru in yaro ya buɗe ido me zai gani in ba kaki ba? Shi kuwa hannu gare shi. Kara, gwangwanin madara, marfin kwalba, duk mota yake mayar da su. Da aka ce baƙi za su koya wa yara haɗa ƙaramin jirgin ƙasa, wanda ya iya kuma a kai shi Kaduna ya ga na gaske, na ce to, Allah ya kawo mana mafita.

Kafin baƙin su iso, saje ya jera yara a rana. Ya ɗaga bulala ya ce, "Hannu baya! Duk wanda ya taɓa kayan baƙi, ni da shi ne."

Baƙi suka shimfiɗa ɗan layin dogo a kan tebura, suka zube ƙafafun jirgi da ƙusoshi. Macen ta ce, "Ku zo ku haɗa da kanku. Wa zai fara?"

Yara tsaye ƙyam, hannu baya. Ta ɗauki ƙafa ɗaya ta miƙa wa jikana. "Karɓi mana, ƙanena." Ina kallon yatsunsa suna motsi a bayansa. Ya dubi saje, ya dubi ƙasa, ya ce, "A'a, anti."

Hedimasta har da murmushi, wai yaransa akwai ladabi. Baƙi suka haɗa abinsu, jirgi ya zaga, yara suka tafa da aka ce su tafa.

Namijin ya zo sayen ƙosai. Ya ce, "Iya, yaranku ba su da sha'awa. Gara mu wuce Mahuta."

Na ce, "Ɗana, hana su aka yi. Ku sake gwadawa."

Ya yi dariya ya ce, "Iya ke nan," ya nemi ƙarin yaji. Suka kwashe kayansu.

Na tare saje a bakin ƙofa na ce, "Saje, ka cuci yaran nan."

Ya ce, "Haba Iya, an karya wani abu? Ba mu ji kunya ba."

Wannan shi ne abin da ya dame shi. Baƙin nan ba su sake dawowa ba, kuma ba a kai kowa Kaduna ba.

Washegari ban hura wuta ba. Na kama yaron muka nufi tasha, wurin wani bakanike mai gyaran babur. Na ce, "Malam, in an tashi makaranta naka ne. Sharaɗina ɗaya: duk abin da ke garejin nan, bar shi ya taɓa."

Na waiwayo, ga shi tsaye, hannu baya. Na fizgo hannun na sa masa sifana a ciki.