Neman Tsamiyar Baba a Gangara

Daga Tibiri zuwa Agiye

Ana idar da sallar asuba na bar Tibiri. Baba ne ya aike ni. Tun da ciwo ya kwantar da shi ba abin da yake iya sha sai kunu, shi ma ya kafe sai da tsamiyar bakin tsohuwar gonarsa ta Gangara.

A Maradi na sami motar Agiye, aka cusa mu kamar buhunan gero. Bayan Cadawa jandarma suka tsayar da mu suna duba takardu, ga wata babbar mota a gabansu tana ta tuttulo baƙin hayaƙi, ko kallonta ba su yi ba. Gawon bakin hanya, da ya kamata a ce yanzu da rani ya yi kore shar, duk ya yamutse.

"Damina ce ba ta kai ba," in ji direba. "Saiwa ba ta iske ruwa."

"Hayaƙin motocinku fa?" na ce da shi.

Sai ya ƙara wa rediyo murya.

Gangara

A tashar Agiye na karya da ƙosai, na hau babur, muka bi ta Gazawa zuwa Gangara. Da azahar na sauka gidan Baffa Idi, ƙanen Baba. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi.

Kututture muka tarar, toka da narkakkiyar leda sun kewaye shi.

"Fari ya fara taɓa ta," in ji Baffa. "Sannan kasuwa ta matso nan, 'yan kasuwa suka maida gindinta juji, kasuwa na tashi a cinna wa shara wuta. Gefe guda ya bushe, ta daina 'ya'ya. Sai aka ce aljannun cikinta sun tashi, ba sauran tsoron sa mata gatari."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe duk shekarun nan tsoro ne ya tsare ta, ba sanin darajarta ba! Ku turara ta da leda har ta bushe, sannan ku ce aljani ne ya yi ƙaura? Ai ko ni ne aljanin, warin nan ya ishe ni tattara kayana.

"Baffa, kana gari aka yi haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗana, da reshenta aka dafa tuwon gidana."

A gidansa na kwana, amma tuwon ban taɓa ba.

Komawa gida

Washegari na sayi tsamiya a Agiye, na ƙulle ta a tsumma yadda za ta yi kama da tsarabar ƙauye. Na iso Tibiri da la'asar lafiya, alhamdu lillahi. Matata ta dama kunu, na kai wa Baba da hannuna.

Ya kurɓi ludayi ɗaya, ya daɗe yana dubana.

"An sare ta ko?"

Na kasa ɗaga kai.

"Sannu da hanya, Allah shi yi maka albarka," in ji shi. Ya ture ƙwaryar gefe, ya juya fuskarsa bango.