Tudun da Bukar Tela Ya Gano

Bana shekara tara ke nan da muka raka abokina Bukar Tela makwancinsa, amma har yau idan na hango kuka tsaye ita kaɗai a tsakiyar fadama, shi nake tunawa.

Tela ne a Haɗejia, mai kyan hannu, sai dai Allah ya jarabce shi da son kufai. Da zarar ruwa ya fara janyewa, sai ya rufe keken ɗinki ya ja ni mu nufi wajen Kirikasamma. Mu hau mota, mu shiga kwalekwale, mu ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Ni ina ta mita ina ciran matsattsaku, shi yana tsugune yana juya tsingaron tukunya kamar ya tsinci zinariya. In ya samu tsoho a ƙauye kuwa, ba ya tashi sai ya ji wanda ya kafa garin da ambaliyar da ta tashe su daga tsohon mazauni. Masu jiran ɗinki har Sarkin Kufai suke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a.

A wannan yawon ya gano inda kakanninsa suka fara sauka bayan sun taso daga gabas. Ashe tudun nan ne da ke cikin gonarsu ta gado, mai kukoki biyu da ramukan marina da suka cike, da tsohuwar maƙabarta a gefe. Ranar da muka hau, sai da ya tuɓe takalmi. Ya waiwayo ya ce, "Sule, yi sallama mana. Gidan mutane ka shigo."

Da zai ɗago kai yau, da ƙyar zai gane fadamar. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da muke bi da kwalekwale, injin ban ruwa na ruri ko'ina, tsofaffin da ya sha hira da su duk sun bi shi. Shinkafar da ake nomawa yanzu zai yi murna da ita, don Bukar bai taɓa gaba da tuwo ba. Abin da ya taso bara ne zai hana shi sukuni.

Da 'ya'yansa suka zo rabon gonar, mazan suka yanke shawarar a kawo tarakta a baje tudun a ƙara fili. Ban ga laifinsu sosai ba, bakunan da suke ciyarwa da yawa. Sai 'yarsa Yagana, wadda ke aure a Malam Madori, ta ce, "Yaya, ku riƙe fadamar, ku ba ni tudun a rabona."

Babban wanta ya ce, "Me za ki noma a can?"

Ta ce, "Ba komai. Baba ya ce mutanenmu ne kwance a ciki."

Ta san ƙasar da ta bari ta fi albarka nesa ba kusa ba, kuma ita ma tana da 'ya'ya. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na yi alfahari da yarinyar nan.

Ban da gonar, Bukar bai bar dukiya ba, keken ɗinkin ma ya yi tsatsa. Amma kwanan baya na lallaɓa da sandata, Yagana ta raka ni, muka iske shinkafa kore shar ta kewaye tudun, kukokin suna nan daram. Na sa ƙafa zan hau ke nan, sai na ga ta sunkuya tana tuɓe takalmi. Ta ɗago ta dube ni.

"Baba Sule, ka yi sallama mana."