Mai Ɗakuna da Ruwan da Bai Jiƙa Shanya Ba

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya, wadda jama'a suka sani da laƙabin Mai Ɗakuna, a shekarar 1951, a wani gari mai matsakaicin girma, a gidan haya na ƙarshe kafin a kai gada. Mahaifiyarta tela ce, mahaifinta kuwa ma'aikacin gidan rediyo ne, sai dai a iya shekarun da ya yi a can babu mai sauraron da ya taɓa jin muryarsa. Shi ne mai haɗa sauti a wasannin kwaikwayo: in an ce an buɗe ƙofa, shi ne ƙofar, in an ce gobara ta tashi, shi ne gobarar. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace, abin da ya sa ta zama 'yar lelen mahaifinta.

Ƙuruciya

Tun tana ƙarama ba ta da abin so kamar wasan rediyo. Duk ranar da gobara ta tashi a cikin wasa, sai ta ruga ƙarƙashin keken ɗinkin mahaifiyarta ta ɓuya, tana kuka tana kuma hana kowa kashe rediyon. A shekarar 1958 tausayi ya kama mahaifinta, ya riƙe hannunta ya kai ta wurin aikinsa domin ya raba ta da tsoro. Nan ta ga babanta tsaye gaban makirfo, fuska a ɗaure, yana murza takardar naɗe alewa a tafin hannunsa. Ashe gobarar ke nan.

Tsoron ya tafi, amma bai tafi shi kaɗai ba, ya kwashe daɗin ya tafi da shi. Daga ranar, duk abin da aka sa a rediyo sai kunnenta ya zagaya bayansa ya gano abin da aka buga ko aka murza. Wannan ne rashin da ta fi jin zafinsa a rayuwarta, kuma ba ta ɓoye ba: burinta shi ne ta sake jin wani abu ta yarda da shi, ko da sau ɗaya ne kafin ta bar duniya. Mahaifinta ya yi ta ba ta haƙuri har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake bai taɓa iya kai ban haƙurin ƙarshe ba tare da dariya ta ƙwace masa ba.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare a shekarar 1958 ɗin, ta wuce sakandare a 1965, sannan a 1970 ta sami gurbi a kwalejin zane da fasaha. A shekararta ta biyu rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, wani zanenta ya jagule har ba a gane gabansa da bayansa. Maimakon ta yar da shi, sai ta rataye shi a bango. Ta ce wa wata ƙawarta taron jama'a ne, ƙawar ta tsaya tana nuna mata kawuna har da wani mai hula. Ta ce wa wani ɗan ajinsu gona ce iska ke kaɗawa, shi kuma ya yaba yadda ta fitar da ganye. Daga nan ta fahimci cewa ido da kunne ba su cika yanke hukunci da kansu ba, sai sun jira abin da aka fara faɗa musu, kuma a kan wannan fahimta ta gina aikinta gaba ɗaya.

Aikinta na kammala karatu ɗaki ne sukutum, da labule da fitila da lasifika, ba zanen ratayewa ba. Malamanta sun daɗe suna muhawara a kan ko wannan fasaha ce ko aikin kafinta, daga bisani suka ba ta sakamako mai daraja a 1974, tare da sharaɗin ta kwashe katakanta kafin hutu.

Aiki da Aure

Bayan ta yi koyarwa na wani lokaci, a 1977 ta buɗe ɗakinta na farko ga jama'a a wani tsohon sito. A bakin ƙofa ta rubuta kalma ɗaya, Tasha. A ciki babu komai sai benci, da farin layi a ƙasa, da haske mai wulgawa a bango ta tsakanin wasu katakai masu juyawa. Ƙarar da ke fita daga lasifika kuwa ta keken ɗinkin mahaifiyarta ce, ta ɗauka a kaset ta rage mata gudu. Mutane suka riƙa shiga suna jin jirgin ƙasa yana tahowa, wasu har suna rantsuwa cewa ƙasa ta girgiza.

Cikin waɗanda suka shiga akwai wani ma'aikacin lantarki da aka turo ya duba wayoyi. Duk da cewa da hannunsa ya jona lasifikar, da ƙarar ta taso sai ya dafe hularsa, ya fizgo wata tsohuwa daga kan farin layin, yana yi mata faɗa kan wasa da rai. Mai Ɗakuna tana lungu tana kallo, kuma daga baya ta ce a nan take ta yanke shawara, domin mutumin da zai ceci tsohuwa daga keken ɗinki ba a barinsa ya wuce. An ɗaura aurensu a 1978. Ta sha faɗa masa a gaban baƙi cewa kunnensa ta aura, sauran jikin gyara aka yi mata.

'Ya'ya da Ɗaukaka

Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku, a 1980 da 1983 da 1988. A gidan nan cokali bai cika kwana a kicin ba, domin kowane abu mai ƙara yana iya tafiya aiki ba sallama.

Aikin da ya fitar da sunanta shi ne Ƙofa Biyu, na shekarar 1991. Ɗaki ɗaya ne mai duhu-duhu, sauti ɗaya, hoto ɗaya mai hazo yana motsi a kan farin ƙyalle, amma ƙofar dama an rubuta Kogi, ta hagu an rubuta Babbar Hanya. Mata da miji sukan shiga ta ƙofofi dabam, su zauna a benci ɗaya, su fito suna gardama har bakin mota, ita ta ga kwalekwale, shi ya ga manyan motoci. An gayyace ta ƙasashe da dama, an ba ta lambobin yabo, ɗalibai sun rubuta kundaye a kanta. Duk da haka wurinta kullum bakin ƙofa ne, tana kallon fuskokin masu fitowa tana jin kishinsu, kamar mai girki da mura ta hana jin ƙamshin tukunyarta. Takwarorinta masu irin wannan sana'a sun daina murna da ziyararta, saboda kafin ta zauna ta riga ta faɗi abin da suka ɓoye a bayan labule.

Shekarun Hutu

Ta ajiye aiki a 2013. 'Ya'yanta, da suka tashi da sanin burinta, sun haɗa mata ɗaki har sau biyu a ɓoye, suka rufe mata ido suka kai ta. Na farko ta ce wake ne a cikin kwalba, na biyu ta ce tsintsiya ce a kan kwali, ta kuma ba su shawarar su sake tsintsiyar. Autarsu ce ta gano inda gizo ke saƙar: muddin aka ce mata ga ɗaki ta shiga, da kunnen aiki za ta shiga. Sai an kai ɗakin inda take ba ta sani ba, sannan kalmar farko ta fito daga bakin wanda ba ta taɓa bincikar maganarsa ba. Duk suka juya suka kalli mahaifinsu, mutumin da ba ya iya ce wa ko mai sallama matarsa ba ta nan alhali tana ciki. Ya ƙi, ya ce da girmansa ba za a mai da shi maƙaryaci ba. Da ƙyar da lallashi ya amince, ya yi ta gwada maganar a gaban madubi yana zufa.

Wata rana a shekarar 2019, bayan cin abincin rana, ta kishingiɗa a ɗakinta kamar yadda ta saba. Haske ya ɗan dushe a bayan labule, iska mai sanyi ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ga maigidan ya shigo yana kakkaɓe hula, bai yarda sun haɗa ido ba, ya ce, "Ruwa ya sauko. Bari in gyara miki labulen."

Ta ji shi kuwa. Ya fara ɗai-ɗai a kan rufi, ya ƙaru, ya kama zuba ta indararo, can nesa kuma yana dukan ganyen bishiya. Ta ja mayafi ta lumshe ido tana saurare, ranta fes. Can sai ta tuna da shanya, ta tashi da hanzarin da gwiwoyinta suka daɗe da mantawa, tana kiran jikoki su kwashe kaya. Tana buɗe ƙofa rana ta dalle mata ido. Tsakar gida a bushe ƙayau, kaya na kan igiya, 'ya'ya da jikoki sun jeru a jikin bango, maigidan ya laɓe a bayan babban ɗansa.

Sai ta zauna a dokin ƙofa ta yi dariya har da hawaye, irin dariyar da 'ya'yanta suka ce ba su taɓa ji daga gare ta ba. Da ta sami numfashi ta dubi mijinta ta ce, "Ashe kai ma ka iya?" Ya rantse mata wannan ne na farko kuma na ƙarshe. Ta buɗe baki za ta fara canka yadda ta saba, sai ta rufe, ta ce a mayar da ita ciki a sake sa mata, kowa kuma ya riƙe bakinsa.

Rasuwa

A farkon shekarar 2021 rashin lafiya ya kwantar da ita. Babban ɗanta, ganin jikin ya yi nauyi, ya durƙusa kusa da ita ya tambaya ko tana so a faɗa mata abin da suka yi amfani da shi. Ta harare shi ta ce, "Kul. Tun ina 'yar shekara bakwai nake nema, na samu da tsufana, kai kuma za ka ƙwace?"

Allah ya yi mata rasuwa a wannan shekarar, tana da shekara saba'in, a ɗakinta, iyalinta na kewaye da ita. An yi mata sallah a ƙofar gida, aka kai ta makwancinta tare da ɗimbin ɗalibai da maƙwabta da abokan aiki. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babban, likitan kunne, mai bi masa, mai zanen gine-gine, da autarsu, malamar makaranta, sai jikoki bakwai. Dukansu, har ƙaramin cikin jikokin, sun san abin da ya yi ƙarar ruwan nan. Ita kaɗai ce ta tafi ba ta sani ba, kamar yadda ta roƙa.