Giredar Da Aka Yi Wa Kwalliya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da muka tashi mayar da giredar haya a Birnin Kudu ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Jigawa ba, duk mai babbar riga da jakar takardu ya wayi gari ɗan kwangila. Maigidana, Alhaji Sale, hatsi yake saye a Sara yana kaiwa Kano. Shi ma ya samu kwangilar gyaran wata hanyar burji a yankin Gwaram, ya ɗauke ni fomen, wato mai kula da ma'aikata da injuna.

Ko shebur ba mu da shi na kanmu. Gireda, injin da yake baje ƙasa ya daidaita hanya, hayarta muka yi daga wani kamfani a Kano. Ƙa'idar ita ce, ranar karɓa bakaniken kamfani zai zagaya injin da kai, ku rubuta kowane tabo da kowace lotsawa, ka sa hannu. Ranar mayarwa a sake zagayawa da takardar. Bakanikensu, Malam Isiyaku, ya nuna mini wata tsohuwar walda a wuyan giredar, tsawon tafin hannu, muka rubuta. Ni na sa hannu, ba Alhaji ba. Fomen kuwa da aka kama ya karya inji ya ɓoye, sunansa zai zagaye garejin Kano kaf, ba mai ƙara ba shi hayar ko da baro. Abincinsa ya ƙare ke nan.

Wata biyu ina lallaɓa giredar nan. Giris kullum safe, baƙin mai a kan lokaci. Da aiki ya ƙare muka kawo ta Birnin Kudu, muka aje a fili kusa da kasuwa, inda tirela za ta ɗauke ta. Na tafi Sundimina duba mahaifiyata, kwana biyu kacal.

Da na dawo sai na hango cincirindon jama'a. Na kutsa, na tarar da gireda koriya shar, tana ƙyalli. An shafe ta da fenti tun daga tayoyi har rufi. Lambar injin, bakin giris, har gilashin agogon mai, babu wanda aka bari cikin maraici. Mai fentin, wanda fentin ƙofofin shaguna ne sana'arsa, ya ƙara da furanni biyu a gefe, kyauta.

Alhaji yana tsaye yana karɓar barka. Ya ce a gidansu ba a taɓa aron kwano a mayar da shi haka nan ba, sai an wanke an sa wani abu a ciki, balle abin da ya yi masa hidimar wata biyu. Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, shi ya sa takaicin ya fi ci na. Na ce masa Allah ya saka da alheri, amma a raina na san ya gama da ni.

Washegari Malam Isiyaku ya iso da tirela. Ya sauko, ya zagaya sau ɗaya, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu.

"Fomen, me ka karya?"

Na rantse masa ban karya komai ba. Ya ce shi dai a aikin nan bai taɓa ganin an sayi fenti don ƙauna ba, duk injin da ya dawo da sabon fenti sabuwar walda ce a ƙarƙashi. Ya ce ko lambar ba ya gani, da me zai shaida giredarsu ce? Zai jira kwana uku. In bai ga wuyanta da idonsa ba, zai koma ya faɗi abin da ya gani.

Na sayo kananzir da buroshin waya, na tuɓe riga. Ni da direban giredar muka yi ta kankara a tsakiyar rana, mutanen da suka yi barka jiya suna kallo suna tambayar ko aljanu ne suka taɓa ni. Alhaji ya aiko sau biyu in bari. Ban bari ba. A rana ta uku, bayan lambar ta bayyana, tsohuwar waldar ta fito, da tsatsarta da komai. Ban taɓa murnar ganin tsatsa irin ta ranar ba. Malam Isiyaku ya shafa ta da yatsa, ya duba takarda, ya sa hannu.

Tirela na tashi Alhaji ya kira ni. Fuskarsa a murtuke.

"Na yi wa abu sutura, ka tuɓe shi a bainar jama'a. Ka nemi wani maigidan."

Haka na rasa aiki saboda na mayar da kayan mutane yadda suka ba ni. Bayan sati uku wani ɗan kwangila ya neme ni har gida, ya ce a garejin Kano aka ba shi sunana.

To ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Mai inji ba kyau yake nema a wurinku ba, so yake ya ga kayansa da tabonsu, ya gane su. Ku wanke, ku sa giris, ku faɗi abin da ya lalace da bakinku. In kuma Allah ya haɗa ku da maigida mai yawan alheri, kada ku kuskura ku bar shi da inji shi kaɗai, ko na kwana ɗaya.