Mai Jan Kuros na Masaƙarmu

A masaƙarmu ta birnin Faisalabad, duk wanda aka ɗauka aiki sai ya bi ta hannuna kafin ya taɓa inji. Sunana Inayat. Da can ina kan injin saƙa, da gwiwoyina suka ce sun gaji sai aka ba ni ɗakin horo, da talabijin ɗaya da bencina. Aikina in zaunar da sababbin ma'aikata, in kunna musu bidiyo, in hana su barci. Na ƙarshen nan shi ne mai wuya. Amma da zarar fuskar Tufail ta bayyana, ba mai ƙara gyangyaɗi.

Tufail abokina ne, kafaɗa da kafaɗa muka yi aiki tun gashinmu yana baƙi. Daga wani ƙauye na bakin kogin Chenab ya zo, siriri, marar magana, mai tsantseni har ya ba ka haushi. Kafin ya shiga zauren injuna sai ya naɗe hannun riga, ya ɓalle kowane maɓalli, ya duba igiyar takalmi. Ko lokacin sanyi, da kowa ke ƙudundune cikin mayafin ulu, shi nasa a ƙofa yake rataye shi, ya shiga yana kaɗa haƙora. Taba kuwa, ko warinta ba ya so. Mukan tsokane shi mu ce ko shayi zai sha sai ya nemi izinin kofin.

Yana da dalili. Shi ya ɗauko ƙanensa Sarfraz daga ƙauye ya sama masa aiki a wurinmu. Wata safiya mai sanyi Sarfraz ya sunkuya ɗaukar zaren da ya faɗi, bakin mayafinsa ya shiga bel ɗin inji, bel ya ja mayafi, mayafi ya ja hannu. Tufail ne ya kashe injin. An ceci rai, ba a ceci hannun dama ba. Sarfraz ya koma sayar da kayan miya a unguwarsu, Tufail kuma bai ƙara ambaton ranar ba, ko da ni.

Bayan wasu shekaru masu masaƙa suka kawo masu ɗaukar hoto don a yi bidiyon koyar da kiyaye haɗari. Ana bukatar mutum biyu: mai yin daidai da mai yin shirme. Na daidai, kowa ya ɗaga hannu, har da waɗanda ban taɓa ganin sun yi abu ɗaya daidai ba. Na shirme, kowa ya sunkuyar da kai. Wa zai yarda a nuna shi sakarai a gaban yara? Sai muka ji Tufail ya ce shi zai yi. Wallahi na zaci ban ji da kyau ba.

Ya kuwa yi shi, ya wuce yadda aka nema. Ga shi yana sharar barci a kan dilar auduga, baki buɗe. Ga shi ya kunna sigari kusa da ita, yana lumshe ido kamar tsohon mashayi, alhali da aka kashe kyamara sai da ya yi amai. Sannan babban wurin: ya shigo da mayafi yana reto, ya sunkuya ɗaukar zare, mayafi ya maƙale a injin da aka kashe, ya yi ta juyi yana wutsil-wutsil har ya zube. A kowane wuri hoton yakan tsaya cak, a zana masa ƙaton jan kuros irin na makin kuskure a fuska, murya ta ce kada ka zama kamar wannan. Tun daga nan sunansa ya koma Mai Jan Kuros. Yaran da suka kai ya haife su sukan gan shi a kantin abinci su zunguri juna. Shi dai sai ya tsoma gurasarsa a miyar wake ya ci abinsa.

Abin bai zama matsala ba sai da maganar auren 'yarsa Nighat ta taso. Malamar firamare ce, mai hankali, kuma akwai wani saurayi, Shoaib, mai gyaran lantarki, da suka daɗe suna son juna ta hanyar da ta dace. Danginsa suka zo shan shayi, aka yi hira, aka rabu ana murmushi. Saura binciken asali, wanda a wurinmu ba a tsallake shi. A gidan su Shoaib kuwa ba a yanke komai sai da kakarsa, Hajiya Zubaida, tsohuwar da ko 'ya'yanta masu furfura ba sa zama kafin ta ce su zauna.

Wani ɗan baƙin ciki, har yau ban san ko wane ne ba, ya nuna mata guntun bidiyon a waya. An yanke muryar, an yanke farko da ƙarshe, an bar barcin da sigarin. Tsohuwa ta aiko cewa a dakata. Ta ce ba za ta haɗa jini da mutumin da har wurin aikinsa suka gaji da shi suka zana masa kuros ba. Aka je aka yi mata bayanin cewa wasa ne. Ta ce ita ba ta san mutumin kirkin da zai yarda a yi wannan wasa da shi ba, sai dai in dama halinsa ne.

Nighat ta daina cin abincin kirki. Abin ya ci wa ubanta rai. Na same shi na ce, "Kai Tufail, wannan wane irin taurin kai ne? Ka je ka gaya wa tsohuwar nan labarin Sarfraz mana."

Ya ce, "Inayat, ni na kawo shi masaƙar nan. Hannunsa ya tafi a dalilina. Yanzu kuma in ɗauki guntun hannun in yi talla da shi don in aurar da 'yata?"

Na ji haushinsa sosai, na tashi na bar shi.

Abin da ya yarda ya yi shi ne ya roƙi manaja a janye bidiyon, ko tsohuwa za ta ga an wanke shi. Manajan mutumin kirki ne, ya ce ba damuwa, za a sa a yi sabo da zanen 'yan tsana. Ya dai ce a bar ni in gama da rukunin da ke hannuna.

Ranar wannan rukuni Tufail ya shigo ya zauna a bencin baya, karo na farko da ya taɓa kallon kansa. Lokacin sanyi ne, yaran duk sun naɗo mayafai. Suka yi ta dariya yadda aka saba, wani har yana dukan cinya. Tufail bai ɗaga kai ba. Da na kashe talabijin na kai su ƙofar zauren injuna, sai wani ya kama wuyan abokinsa yana kwaikwayon wutsil-wutsil ɗin nan, yana cewa a cire kafin a zama Mai Jan Kuros. Suna dariya suna warware mayafai, ɗaya bayan ɗaya, suna ratayewa a ƙusoshin bakin ƙofa. Ban ce musu su cire ba. Na daɗe ban buƙaci faɗa ba, sai dai ban taɓa lura ba sai ranar.

Tufail ya tsaya yana kallon ƙusoshin da suka cika da mayafai. Can ya tambaye ni ko yara za su tuna da 'yar tsana haka. Na ce gaskiya ban sani ba. Ya juya ya nufi ofishin manaja, ya ce a bar bidiyon yadda yake. Da yamma ya gaya wa Nighat da bakinsa, ya ba ta haƙuri. Matarsa ta ce min yarinyar ta yi kuka, shi ma ya yi.

Ni kam na kasa haƙura. Na je rumfar Sarfraz na zazzage masa komai, ina sane da cewa Tufail zai yi fushi da ni. Sarfraz ya saurara yana jera tumatir da hannunsa ɗaya. Ashe bai taɓa ganin bidiyon ba, duk gidan sun ɓoye masa. Na nuna masa a wayata. Da aka zo wurin mayafin sai ya ce in mayar baya. Ya sake kallo. Sannan ya ja ƙyauren rumfa ya ce in tashi mu je.

Mun sami Hajiya Zubaida a tsakar gida kan gadon igiya, tana ɓarar wake. Na gabatar da mu, na kunna mata bidiyon cikakke. Ta kalla fuska a ɗaure, ta ce ta riga ta gani, kuma tambayarta tana nan: me zai sa dattijo ya mayar da kansa abin dariya?

Sarfraz ya zame mayafinsa daga kafaɗar dama, hannun rigar da aka naɗe aka soke da allura ya bayyana. Ya ce, "Inna, abin da yayana yake yi a ciki, ni na yi shi da gaske. Haka na sunkuya, ta wannan gefen. Shi ne yake tsaye a bayana. Ni ba wanda ya yi dariya ranar."

Tsohuwa ta ajiye kwanon wake. Ta daɗe tana kallon hannun rigar, sannan ta ce in sake kunna mata. Wannan karon ta matso da wayar kusa da idonta. Sai ta sa aka kawo mana shayi, kuma ita ta miƙa wa Sarfraz nasa da hannunta.

Ranar Juma'a sai ga su a ƙofar gidan Tufail da kwalin alewar madara, tsohuwar a bayan babur ɗin jikanta Shoaib. Ina nan, don Tufail ya kira ni ya wanke ni tas a kan zuwa wurin Sarfraz, bai ma gama ba. Hajiya Zubaida ta sauko, ta ɓalli alewa ta sa wa Nighat a baki, alamar magana ta ƙullu. Ta juya ga Tufail ta ce, "Ɗana, na yi maka mummunan zato. Ka yafe wa tsohuwa."

Tufail kuwa idonsa yana kan babur. Shoaib yana zaune a kai, injin yana aiki, bakin mayafinsa yana lilo dab da sarƙar taya ta baya. Tufail ya tsallake tsohuwa da alewarta, ya kashe babur ɗin, ya warware mayafin daga wuyan surukinsa na gobe, ya ninke shi ya danƙa masa a hannu. Sannan ya dawo ya ce, "Ba komai, Inna. Ku shigo daga ciki."

Tufail ya yi ritaya bara. Bidiyon yana nan, launinsa ya fara dushewa, kuma duk ranar Litinin ina kunna shi. Yara suna dariya, ni kuma ina barinsu su yi. In mun isa ƙofar zauren injuna, sai in tsaya gefe har su gama rataye mayafansu.