Kakana Mahauci da Biron Likita

Abin da na fara lura da shi da muka shiga ofishin likita makon jiya shi ne bironsa. Ya cire murfin tun kafin in zauna. Nan take na tuna da kakana, Malam Sabo mahauci, wanda a watan nan ya cika shekara biyar da rasuwa. Allah ya jiƙansa. Da yana raye, da biron nan ya sha tambayoyi.

Kaka ya tsufa yana fawa a Abattoir, babbar mayankar Jos. Ni kuwa ba ni da yawan magana, shi ya sa yake son in raka shi unguwa. Ya ce duk gidanmu ni kaɗai ce ba na katse shi. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika.

Ina firamare wani ƙululu ya fito masa a kafaɗar dama, daidai inda ya saba saɓa cinyar saniya. Girmansa kamar lemon tsami. Ba ya ciwo, amma ya hana babbar riga zama daidai, sai Ummata ta matsa a je asibiti. Muka tafi wani asibitin kuɗi ta wajen Rayfield, mai furanni a bakin ƙofa. Likitan ya danna ƙululun da yatsa ɗaya, ya ce, "Baba, aiki za a yi. Ranar Alhamis."

"Ɗana, ka gama duba ni ke nan?" in ji Kaka.

"Na gama, Baba."

"To, ni ma da wuƙa nake cin abinci. Amma kafin in sayi sa, sai na zagaya shi sau uku. In buɗe bakinsa, in taɓa gindin wutsiya, in sa a kora shi in ga tafiyarsa. Sa ke nan fa, wanda ba na fatan ya tashi bayan na yanka. Ni da kake so in tashi, ko zagaya ni ba ka yi ba."

Sai ya miƙe a tsakiyar ofis, ya miƙo mini hularsa, ya ware hannuwa. "Bismillah, zagaya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata nas da ke tsaye a gefe ta toshe baki ta fita da gudu. Likitan ya yi dariya, amma bai tashi daga kujera ba. Kaka ya karɓi hularsa ya ce, "Amarya, mu je gida." Tun daga ranar ya raɗa wa ƙululun suna Alhamis. In sanyin Jos ya tsananta, sai ya lulluɓe shi da rawani, ya ce Alhamis ba ya son iska. Tare aka binne su.

Kada mai karatu ya ɗauka Kaka maƙiyin tiyata ne. Da yanar ido ta rufe wa maƙwabcinmu Oga Obinna mai sayar da kayan firji gani, ya rantse ba mai taɓa masa ido. Kaka ne ya ja shi asibiti da kansa. Likitar can ta haska idon, ta ɗiga magani, ta tambayi yadda idon mahaifinsa ya kasance, ta ce su dawo, suka dawo har sau biyu. Kaka ya ce, "Obinna, kwanta. Wannan ta zagaya ka." Da aka cire bandeji, Oga Obinna ya ƙura masa ido ya ce, "Baba, ashe haka ka tsufa? Ku mayar mini da yanata!"

Ba kuma zan ce kullum Kaka ne da gaskiya ba. Maganin hawan jini ma sai da ya so ya zagaya shi. Ya sha yau, ya tsallake gobe, wai yana kallon tafiyarsa. Ciwon nan ne ya zama ajalinsa. Ni nake ƙirga masa ƙwayoyin a ɓoye, na san ba sa raguwa yadda ya kamata, kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Har yau abin yana damuna.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga asibitocin yanzu, da na'urorin da ke leƙa cikin mutum. Ina jin zai yaba. Zai ce na'ura ta hutar da likita zagaye. Sai dai zai ƙara da cewa dole wani ya tashi ya kunna ta.

Abin da ya kai ni asibiti makon jiya ɗan ƙululu ne, bai fi ƙwallon dabino ba, a wuyan hannuna na dama. Saura sati uku in fara jarrabawar gama sakandare, kuma da hannun nake rubutu. Likitan ya kalle shi daga inda yake zaune. Ya dubi Umma ya ce, "Ƙaramin aiki ne, Hajiya. Litinin." Umma ta gyaɗa kai, kamar yadda take yi wa duk mai farar riga. Ni kuwa ina hango hannuna a naɗe, ga takardar jarrabawa a gabana.

Wuƙaƙen Kaka kawuna ya gada. Teburinsa na Abattoir wani ne a kai yanzu. Babbar rigar mai karkatacciyar kafaɗa tana cikin akwatin Umma. Na daɗe ina zaton ni ban gaji komai ba, tunda ko kaza ba na iya kallo ana yankawa. Sai da biron nan ya sauka kan takarda na gane abin da ya bar mini.

Ban iya miƙewa tsakiyar ofis ba. Na dai ɗora hannun a kan teburinsa, kusa da biron. Umma ta tsunkule ni a cinya, na yi kamar ban ji ba.

"Likita, don Allah," na ce, "kafin ka rubuta Litinin, ka ɗan zagaya shi."